Kusurwar Randar Inna

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma ni kaɗai ce ba a haifa a Illela ba. Da haihuwata ta matso, sai aka mai da Inna gidan iyayenta a Ƙonni goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mace a haihuwar fari. Can ta haife ni, can ta yi wankan jego, sai bayan arba'in ta ƙetaro iyaka da ni. Tafiyar ba ta fi a ɗora sanwa a sauke ba, amma ƙannena shida sun same ni da ita. 'Yar sefa suke ce mini, da sunan kuɗin ƙasar can. In na ɗauki tsoka a miya, sai wani ya ce, “Yaya, kin biya kwastan kuwa?” In muka yi faɗa, su ce in tattara in koma inda aka binne cibiyata.

Ina ramawa, don ni ma bakina ba ya ciwo. Amma wallahi abin yana sukata, saboda Inna ba ta taɓa tare mini ba. Alkunyar 'yar fari take yi, irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana, ba ta yabona, ko ido ba ta cika haɗawa da ni ba. “Wagga” take ce mini, ko “waccan”. In ta ga ban ci abinci ba, sai ta dubi bango ta ce, “Akwai tuwo a kwano, in da mai so.” Na san al'ada ce. Sanin bai hana ni tambayar kaina ko ni 'yar gidan nan ce ba.

Inna kuwa akwai taurin kai. Shekarar da albasa ta yi wa Baba albarka ya sa aka yi wa tsakar gida siminti, ta tsaya kai da fata ba za a taɓa kusurwar da randarta take ba. Magini ya yi lallashi, Baba ya yi faɗa, ta ce randa ba ta sanyi bisa siminti. Haka aka bar wajen da rairayinsa, kullum a jiƙe, muna ta yi mata dariya.

Bayan na yi aure na fara koyarwa, sai na shiga wani zauren mata masu rubuta gajerun labarai a waya. Wata rana aka ba mu jigo: gida. Kowa ta kawo labarin iyali, wadda ta yi kewar garinsu, wanda ya dawo daga birni ya tarar an sayar da gonar gado. Ni kuwa na zauna na zazzage cikina. Na rubuta wata yarinya da aka haifa a hayin iyaka, uwarta ba ta kiran sunanta, can a ce mata baƙuwa, nan a ce mata baƙuwa. A ƙarshe na tsayar da ita a tsakiyar hanya da ƙullin kayanta, ba ta san ina za ta nufa ba. Aka yi ta yabona, kaina ya kumbura.

Kuskurena ɗaya, na tura wa autarmu. Ran Juma'a da la'asar na je gida, Inna tana tsinke zogale a tabarma, ƙannena mata sun kewaye ta. Ina sallama wannan ja'irar ta zaro waya ta ce, “Inna, Yaya ta sa ki a labari!” Na yi wuf zan fizge, ta ɓuya bayan Inna ta kama karantawa, har da canza murya. Kai! Na ji kamar in nutse.

Inna ba ta ɗago kai ba har aka gama. Sai ta ce, “Mi ta ce ya samu yarinyar?”

Auta ta ce, “Ta rasa gida, Inna.”

“Ku faɗa ma mai wanga labari ba ta iya ba,” in ji Inna, tana duban zogalenta. “Ta tambayi uwar yarinyar? Ran da cibiyar ta faɗi, uwar ba ta bari an binne ta can ba. A tsumma ta ƙulle ta, ta ɓoye a bakin zane kwana talatin da wani abu, ko tsohuwarta ba ta sani ba. Ran da ta dawo ɗakinta, kafin ta sha ruwa, ta tona gindin randa ta sa ta. Wa zai yarda a zuba ma ɗiyarshi siminti?”

Sai auta ta kwashe da dariya ta ce, “Ashe duk shekarun nan ruwan Yaya muke sha!” Kowa ya fashe, ni ma ina dariya hawaye na zuba, na kasa tsayar da ko ɗaya. Daɗi ne ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ce, “Inna, to me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?”

Ta dubi bango ta ce, “Akwai ruwa a randa, in da mai so.”

Na tashi na tube takalmi, na taka rairayin nan mai sanyi, na cika moɗa na shanye. Ba ƙishirwa nake ji ba, amma sai da na ƙara.