Tsallen da Ɗangoggo Bai Sauka Ba

Mashkura na zaune a kujerar baya ta wata bas a tashar Jabi, ana jiran mutum biyu motar ta cika, sai saurayin da ke gefenta ya kunna wani bidiyo a wayarsa. Ba ta yi niyyar leƙawa ba, idonta ne kawai ya faɗa kai. Ta ga wani mutum na zane, baƙi wuluk kamar inuwa, yana tafiya a gindin wani bene da ba a gama ginawa ba. Yana jan ƙafar hagu, hannun hagu a naɗe a ƙirji. Ya yi taku bakwai ya tsaya, ya ɗaga hannun dama ya taɓa kansa kamar mai gyara hula, alhali babu hula a kansa.

Nan take ta gane. Tafiyar mahaifinta ce. Ta kuma san ranar da ya yi ta, don ita ta ɗauke shi da wayarta.

"Malam, don Allah mene ne wannan?" in ji ta.

"Talla ce," in ji saurayin. "Bene Bakwai kashi na biyu. Juma'ar ƙarshen wata zai fito. Ashe mutumin faɗowa ya yi."

Mahaifin nata Lukmanu ne sunansa, amma daga Utako har Orozo inda suke zaune, Ɗangoggo aka sani. Ya baro Zariya shekarar da soja suka miƙa mulki, lokacin da Abuja ke tashi kamar an yi mata yayyafi, ko'ina ka duba bulo ne da rodi. Leburanci ya kama. Ranar zuba kankare, shi ne wanda ke hawa hawa na biyar da kwano a ka, a kan katako ɗaya tal, da gudu, bai taɓa riƙe komai ba. Magina kan ajiye aiki su bi shi da kallo.

A wurin wani gini a Jabi ya haɗu da Thaddeus, mai zana taswirar gini, mutumin Kagoro, siriri, mai tari da yawan shiru. Thaddeus yana da tsohuwar kwamfuta a ɗakinsa, yana kuma da wani buri da ba wanda ya gane: ya yi gem, wato wasan kwamfuta, irin na da, wanda ba a magana a ciki, ba a tara maki, mutum ɗaya ne kawai yake tafiya daga hagu zuwa dama, ya yi gudu, ya yi tsalle, ya kama bakin bango ya ja jikinsa sama, in ya kuskure taku ɗaya ya mutu a sake daga baya. Ya ce irin wannan gem ba ya yin kyau sai in motsin mutumin gaskiya ne a ciki.

Don haka kowace Lahadi, in ya taso daga coci, sai ya aro kyamarar wani mai ɗaukar biki, su hau benen babu kowa. Ɗangoggo ya yi ta gudu da tsalle, Thaddeus na ɗauka. Daga baya ya zauna ya bi hoton ɗaya bayan ɗaya yana zana mutumin a kai da hannu. Shekara biyu suka yi a haka. Mahaifiyar Mashkura, Allah ya ji ƙanta, kan ce mijinta ne kaɗai leburan da ke zuwa aiki ranar hutu don a biya shi da kwalbar lemo.

Gem ɗin ya fita a faifai, ya bi shagunan intanet na Abuja, ya kai Kaduna da Jos. Sunansa Bene Bakwai. Ka sha wuya ka hau hawa bakwai, ka kai rufi, mutumin ya ja da baya ya sheƙo da gudu, ya yi tsalle zuwa benen da ke gefe. Yana tsakiyar iska, ƙafa a buɗe, sai komai ya yi baƙi. Shi ke nan.

Mutane sun sha faɗa a kan wannan ƙarshe. Mashkura tana cikin 'yan kaɗan da suka san yadda aka yi: kaset ɗin kyamarar ne ya ƙare a daidai wurin. Thaddeus ya kalla sau uku ya ce ba za a sake ɗauka ba, Allah ne ya yanke masa. Amma ko ita ba ta san yadda tsallen ya ƙare ba. In ta tambaya, sai mahaifin ya ce, "Ba ga ni a gabanki ba? Me kuma kike nema?"

Thaddeus ne ya koya masa kwance kwamfuta da ɗaurawa. Da ƙarfin leburanci ya fara ja baya, sai ya kama ɗan shago a kasuwar Utako yana gyaran kwamfuta da na'urorin gem. Da wannan shagon ya kai Mashkura jami'a. Thaddeus ya rasu ba da daɗewa ba, tarin nan ya tafi da shi. Matarsa Mabel ta kwashe asalin zanen da kaset ɗin da takardu a akwati, ta koma ƙauyensu.

Shekara uku da suka wuce hawan jini ya bugi Ɗangoggo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya miƙe, amma ba yadda yake ba. Tun daga nan ya zama mutumin da ke riga kowa zuwa kasuwa, ya zauna bayan teburinsa, ba ya tashi sai layin ya yi sauƙi. Ba ya son a gan shi yana tafiya. Sau ɗaya ya yarda: ranar bikin yaye su Mashkura, ya ratso filin jami'a shi kaɗai, cikin jama'a, ya ƙi a riƙe shi, ya tsaya a tsakiya ya gyara hularsa, sannan ya ƙaraso gare ta. Tana kuka tana ɗauka.

Bara ne George ya ɓullo. Matashi ne mai ƙamshin turare, yana da kamfanin gem na waya a wani bene kusa da tafkin Jabi. Ya zo shago da kwalin biskit, ya durƙusa har ƙasa, ya ce tun yana sakandare yake buga Bene Bakwai, kuma zalunci ne a bar mutum shekara tara a sama.

Ranar shagon ya cika, musu ya ɓarke. Masu jiran gyara suka rabu biyu. Wasu suka ce kowane gem mai daraja an yi masa na biyu, har na biyar. Wasu suka ce an yi, kuma duk sun lalace, an cusa musu bindigogi da surutu. Kubra mai abinci, maƙwabciyar shagon, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Ɗangoggo, ka bari su sauko da kai mana. Tun ina amarya kake rataye."

"Ke dai ki sauko da farashin shinkafarki tukuna," in ji shi. Aka yi dariya. Sannan ya juya ga George. "Yaro, duk wanda ya buga gem ɗin nan ya tafi gida da nasa ƙarshen. Mai ƙarfin zuciya ya ce ya tsallake, wanda duniya ta gasa ya ce ya faɗi. In ka yi na biyu, ka ƙwace wa rabinsu ke nan. Wanda ya fara ya ce a nan ya tsaya, kuma ba ya nan balle a tambaye shi. Ka yi naka sabo, ka bar mana namu."

George ya yi murmushi ya ce ya gane. Da zai fita ya tambayi Mashkura me ta karanta, ya karɓi lambarta.

A lokacin ta gama hidimar ƙasa da wata biyar, ta raba takardunta a ofisoshi har ta daina ƙirgawa. Da ya kira ta intabiyu, kwana ta yi tana guga. Ya zaunar da ita a ofis mai sanyi, ya yi mata tambayoyi uku a kan aiki, sauran duk a kan mahaifinta. Ya ce suna haɗa ɗan tarihin gem ɗin ne don girmama shi, ko tana da wani bidiyonsa na kwanan nan? Ɗaya ne da ita. Ta tura masa a wurin, tana jin daɗin cewa ta yi amfani. Ya ce za su kira ta. Ba su kira ba.

Duk wannan ya dawo mata a cikin bas ɗin. Ba ta jira motar ta cika ba, ta sauka, ta taka da ƙafa har ofishin George.

"Sista Mashkura," in ji shi, ya miƙe da fara'a. "Wallahi kina raina. Maganar aikinki tana kan tebur."

"Ba ita ta kawo ni ba. Na ga tallar."

"Ya yi kyau, ko?"

"Babana ne."

"A'a, sista. Ɗan wasa muka ɗauka, muka ce ya yi ɗingishi. Ɗingishi ai duk ɗaya ne."

"Ɗan wasan naku hula yake sawa?"

George ya gyara biro a kan tebur.

"Mutumin cikin gem ɗinku ba shi da hula," in ji ta. "Me ya sa yake tsayawa a taku na bakwai ya gyara ta?"

"Wannan aikin masu zane ne, ni ban shiga ba." Fara'ar ta ragu. "Kuma bari in gaya maki, komai namu bisa doka ne. Madam Mabel ta sa hannu."

"Nuna mini."

"Yana wurin lauya."

Ta fito tana jin kamar duk wanda ke riƙe da waya a bakin titi ita yake ɗauka. A hanyar Utako ta yi ta juya maganar. In Mabel ta sa hannu, me ya sa ba a nuna ba? In ba ta sa ba, a ina suka sami tsohon zanen benen da ta gani a tallar, har da tagar nan mai karyayyen rodi? Ko daga faifai suka kwafa? Ko Mabel ɗin ce aka kai wa kwalin biskit ita ma, aka ce mata tarihi ake haɗawa?

Kwana biyu ta kasa faɗa. Ta riƙa zama a shago tana kallon duk mai shigowa, tana tsoron kada wani ya riga ta miƙa wa mahaifin waya. Ko Kubra ta yi dariya a waje, sai ta ɗauka an gani. A rana ta uku, bayan azahar, shago ba kowa, ta ja kujera kusa da shi.

"Baba, na yi wani abu."

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba. Sannan ta kunna tallar ta ajiye a gabansa. Ya kalla. Ya ce ta sake. Ya kalla har sau uku, sukudireba na hannunsa bai ajiye ba.

"Haka nake tafiya?" in ji shi.

Bai taɓa yarda ya kalli bidiyon bikin ba, sai yau ya ga kansa.

"To," in ji shi can. "Sun yanke hukunci ke nan. Na faɗi."

"Baba, ka yafe mini."

"Aiki kika je nema, ba sata ba." Ya ture wayar gefe. "Amma tafiyar nan saboda ke na yi ta. Ban yi don yaran Abuja su danna maɓalli su ja mini ƙafa ba."

Ya ce shi ba shi da ta cewa a gaban doka, leburan da aka ɗauka a hoto ne kawai. Komai da sunan Thaddeus yake, yana hannun Mabel. In ba ta sa hannu ba, takarda ɗaya daga gare ta za ta tsayar da George. In ta sa, shi ke nan.

"Kana ganin za ta sa?"

"Da na ce a'a," in ji shi. "Amma da ma na ce a'a a kanki."

Bai faɗa da zafi ba, shi ya sa ta fi jin ta.

Lambar Mabel da ke wurinsu ta daɗe da mutuwa. Mashkura ta rubuta wasiƙa yadda ya faɗa mata, tambaya ɗaya ce a ciki: ta ba George izini ko ba ta ba shi ba. Washegari ta kai tashar Jabi, ta ba wani direban Kafanchan da ya ce ya san cocin su Mabel. Ta rubuta lambarta a bayan ambulan, babba-babba, sau biyu.

Tun ranar Ɗangoggo ya ƙara sammako. Kubra ta daina tsokanarsa, sai dai ta turo abinci ta koma. Samari biyu sun zo shago suna son ɗaukar hoto da shi, ya ce ba shi ba ne, wancan ya bar kasuwar.

Direban ya dawo Litinin ya ce bai sami Mabel ba, ta je jana'iza wani ƙauye, ya bar wasiƙar hannun wata Hannah da ta ce ƙanwarta ce. Mashkura ba ta taɓa jin Mabel na da ƙanwa ba, mahaifin ma ya ce bai tuna ba.

Yau Laraba. Gem ɗin zai fito jibi. Wayar Mashkura na kan teburin gyara, tsakaninta da mahaifinta, a jone da caji. Har yanzu Mabel ba ta kira ba.