A'ar da Ta Kashe Mai Fito

Shekarar da masaƙa ta rage ma'aikata, yayana ya dawo gidanmu na Ƙofar Gayan da akwati ɗaya da tsohuwar talabijin. Ƙarshen shekarun casa'in ne. Ni a lokacin ina fassara labarai a gidan rediyo a Kaduna, sai ƙarshen mako nake zuwa Zariya, jiki duk a mace. Yaya ya nemi aiki har ya gaji, daga baya ya daina fita. Wani abokinsa, malamin makaranta a Wusasa, ya ba shi aron na'urar gem, irin wasan da ake haɗawa da talabijin, da kaset guda, wai ya riƙa rage zaman shiru.

Wasan na wata ƙasar almara ne. Wani matsafi ya kulle ruwan sama a hasumiya, kai kuma kana tafiyar da wani saurayi mai takobi daga gari zuwa gari, kana tara abokan tafiya. Abin da ya raba shi da na dambe da yara ke bugawa shi ne, wannan tambayar ka yake yi. Mutum zai tsaya a gabanka, maganarsa ta fito a rubuce da Turanci, a ƙasa kuma kalmomi biyu, i da a'a, ka danna ɗaya. Wadda ka danna ba ta wucewa. Can gaba za ka tarar da ita tana jiran ka.

Turancin Yaya na masaƙa ne, ya gane rabi ya cike rabi da hasashe. Idan na zo, sai in zauna a gefen tabarma in riƙa fassara masa. Ban ji daɗin aikin ba. Mako guda ina fassara labaran duniya, ranar hutu kuma a ba ni na ƙasar da babu ita. Amma a nan ne kawai nake jin muryarsa ta tashi kamar da.

Cikin abokan tafiyar akwai wani mai fito, wanda ya ƙetarar da saurayin kogi a kwalekwalensa, daga nan ya biyo shi. Yaya yana ji da shi. Duk sulken da ya samu, shi yake fara ba wa. Da aka tambaya ko za a ba shi ajiyar mabuɗin ƙofar gari, bai ko jira na gama fassara ba ya amince.

Wata Asabar na iso bayan la'asar, na tarar akwai wuta amma talabijin a kashe, Yaya na kwance ya juya mata baya.

Na ce, "Lafiya, Yaya? An kawo wuta fa."

"Na gani. Wannan akwatin maƙaryaci ne."

Inna, mahaifiyarmu, tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Makoki yake yi. Na tambaye shi ɗan wane gida ne ya rasu mu je gaisuwa, ya ƙi faɗa."

Da kyar ya ba ni labari. Sojojin matsafi sun kama 'yar mai fito, suka tilasta masa ya buɗe musu ƙofar gari. Bayan an kore su, aka kawo shi gaban saurayin a ɗaure. Ƙanwar mai fiton, wadda ita ce mai maganin tawagar, ta matso ta yi tambaya.

Na ce, "Me ta ce?"

"Cewa ta yi, ba za ka yafe masa ba? Na karanta da kyau."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce a'a mana! A'a, zan yafe masa. Na danna a'a. Kafin in ɗaga kai sun jefo shi daga kan ganuwa."

Irin wannan tambayar ce ake fara ja mana kunne a kanta a ɗakin fassara. Bahaushe idan aka ce masa ba za ka tafi ba, ya ce i, to ya yarda ba zai tafi ba. In ya ce a'a, tafiya zai yi. Bature kuwa a'arsa aikin take bi, ko ta yaya aka juya tambayar: a'a, ba zan yi ba. Na yi masa bayani a hankali.

Ya tashi zaune. "To ni Bature ne?"

"Ba kai ba, na'urar."

"Ita ba ta ga na ba shi sulkena ba? Wanda ya ba mutum sulke ne zai ce a jefo shi?"

"Ba ta duba sulke, Yaya. Abin da ka danna take dubawa."

"Malam na rediyo ke nan. Kullum sai an gama ɓarna kuke zuwa da cikakken bayani."

Babu hanyar komawa baya. Wasan ya ajiye kansa bayan hukuncin, wato ya adana inda aka tsaya, kaset ɗin kuma wuri ɗaya yake riƙewa. Ƙanwar mai fito ta bar tawagar, aka rasa mai magani. Masu kwalekwale suka daina ɗaukar saurayin, sai ya zagaya ta daji. Abokin na Wusasa ya leƙo, ya ce ai ana iya kai ƙarshe a haka, ma ya fi sauri. Yaya bai damu da ƙarshe ba. So yake a san ba abin da ya nufa ke nan ba. Makonni yana kai saurayin ƙauyen mai fito, yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wanda zai ba shi damar magana. Kowa jimla guda yake faɗa, ni kuma in maimaita da Hausa: ba mu da abin faɗa maka. Har na daina duban rubutun.

A ƙarshe ya goge komai ya faro daga farko, don ya sake isa wurin tambayar ya amsa daidai. Damina ta ƙare yana kan hanya. Wuta ta zo ta tafi, wani lokaci a ɗauke kafin wasan ya ajiye kansa, aikin yini ya tafi a banza. Inna ma ta gaji da zolayar sa.

Da ya kusa, ya dakata ya jira ni. Ya ce wannan karon bakina zai bi, ba nasa ba. Ranar Lahadi da hantsi muka zauna. Sojojin matsafi suka zo, suka yi ta dukan ƙofa, ƙofa ba ta buɗu ba. Aka kore su, gari ya yi murna, wasa ya ci gaba. Ba a kawo kowa a ɗaure ba.

Na ce, "Yaya, da aka zo maganar mabuɗi, ka ba mai fito?"

"Haba. Na san abin da zai yi, in sake ba shi?"

"To shi yana ina?"

"Ya ce zai je ya duba kwalekwalensa. Na ɗauka ranar zai dawo."

Ya juya saurayin, ya bi da shi hanyar kogi. Mai fito yana nan a mashiga, 'yarsa na zaune a gefen kwalekwalen, babu wanda ya taɓa ta. Yaya ya matsa kusa ya danna. Rubutu ya fito.

"Me ya ce?"

"Ya ce, fito ne, baƙo? Shigo."

Ya sake dannawa. Rubutun bai canza ba.

"Baƙo ya ce?"

"Baƙo ya ce. Amma dai yana da rai, Yaya."

"Ina da ido."

Ya shigar da saurayin kwalekwalen, aka ƙetarar da shi. Bai sauka ba, ya danna aka juyo da shi. Na jira ko zai ce in karanta wani abu, bai ce ba. Na ɗauki jakata don in sami motar Kaduna da wuri, na yi wa Inna sallama, na bar Yaya da mai fitonsa a tsakiyar kogi.