Tokar da Muka Share

A gidanmu ni ce aka sani da ƙarin gishiri. In na ga ɓera sai in ce na ga ɗan akuya. Shi ya sa ranar da na faɗo gida a guje na ce kasuwa ta kama da wuta, Inna ba ta ko ɗago kai daga tankaɗe ba, sai da hayaƙin ya shigo tsakar gida da kansa ya ba da shaida.

Shekarata goma sha huɗu a bazarar nan, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Garinmu yana kan hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Baba tela ne, kuma wutar ta cinye layinsu ƙurmus. Keken ɗinkinsa, wanda ya fi mu gata, don kullum ake shafa masa mai mu kuwa sai Lahadi, ya yi baƙi ya kafe. Aka ɗora shi a mota zuwa wajen wani mai gyara a Funtua.

Washegari aka yi shela cewa gwamnati za ta aiko malami ya duba ɓarna. Wanda rumfarsa ta ƙone za a ba shi kwanon rufi, mai sana'a kuma a taimaka masa da kayan aiki. Ba a faɗi rana ba.

Mutanenmu ba sa iya ganin toka a ƙofar mutum su wuce. Ran Litinin mazan majami'armu suka zo gayya, Alhaji mai gishiri, aminin Baba, ya turo jakunansa biyu. Kafin la'asar an kwashe gawayi, an kafa sabbin dirkoki, an ɗaura zana. Ni na yi sharar ƙarshe, har da yayyafa ruwa. Rumfar ta fi da kyau. Rumfunan baƙin 'yan kasuwa da ba su da mai zuwa musu gayya suka zauna baƙi ƙirin.

Alhaji ya daɗe yana kallon aikin. Ya ce, "Malam tela, anya ba mu yi gaggawa ba?"

Baba ya ce, "To in zauna cikin toka ina jiran mutumin da ban san ranar zuwansa ba?"

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum hadari ya taso daga gabas ya tsaya a kan garin, ba ruwa ba iska. Mai gyara ya aiko cewa keke ya mutu. Da rana tsaka na ji Baba yana gaya wa Inna cewa in bai samu wani ba kafin shuka, zai tafi Kaduna neman aikin masaƙa, mu kuma a kai mu Dayi wajen Kaka. Inna ta ci gaba da daka, turmin kuwa babu komai a ciki.

Malamin ya zo ran wata Alhamis, da gajeren wando na kaki da littafi a hammata. Tun daga nesa Baba ya ce mini, "Ke, ko tari ban yarda ba."

Malamin ya ce, "Sannu da jaje, Malam. Yaya ɓarna?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Ba a rasa rai ba, mun gode Allah."

Haka ake amsa jaje a wajenmu. Baba ko ƙafarsa aka cire, cewa zai yi da sauƙi. Malamin ya dubi sabuwar zana, ya dubi ƙasar da na share fes, ya mayar da alƙalami bayan kunne. Sai na matso gabansa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ta ci komai. Harshen wutar har shirwa ya gasa tana cikin tashi. Keken narkewa ya yi kamar man shanu, ya gangara har bakin kwata."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wata mai ƙosai ta ce, "Kada ka biye mata, Malam. Ita ce ta ga kada a rijiyar makaranta."

Malamin bai yi dariya ba. Ya ce, "Ina keken?"

Baba ya ce, "Yana Funtua."

Ya gyaɗa kai, ya wuce rumfar gaba, ya tsuguna ya damƙi toka ya murza, sannan ya buɗe littafinsa.

Bayan mako biyu aka kira sunaye a gindin tsamiyar kasuwa. Na tsaya har mai shela ya naɗe takardarsa, ban ji sunan Baba ba. Alhaji ya tafi Malumfashi da ƙafarsa don ya ba da shaida, aka ce masa littafin ya riga ya wuce gaba.

Ranar da ruwan farko ya sauka, kowa ya fita da fartanya. Baba bai fita ba. Ya zauna a soro da allura da zare yana ɗinke wani buhu da hannu, yana yi masa maratayi. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce in je in taya Inna wanke tukwane, manya da ƙanana, har da waɗanda ba a girki da su.