Kaskon da Ya Ƙi Zafi

Daminar da na haifi ɗana na fari, an yi ruwa a Gure irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su gani ba. Ƴan shekaru ne kafin babban yaƙin Nasara. Maigidana yana wajen Alakos da shanu, gidan daga ni sai jaririn sai uwar mijina, wadda nake kira Inna.

Tsummokaran jariri kullum a jiƙe suke, igiyar shanya kuwa ba ta da amfani idan hadari ya zauna. Inna tana da kaskon ƙasa mai ƴan ramuka a gindi, da babban kwandon kaba. A zuba garwashi a kasko, a kifa kwando a kai, a shimfiɗa tufafi a bisa. Da shi take turara zannuwanta, da shi kuma muka riƙa busar da kayan yaro.

Sai ruwa ya yi fashi, muka koma shanya a tsakar gida, aka tura kaskon bayan randa. Ranar da ruwa ya dawo na jawo shi, na zuba garwashi, na jera tsummokara, na zauna ina ba yaro nono. A kwanakin nan ba na rabe barci da farke. Yayyafi a kan rufin ɗaki sai in ji kamar mata suna sheƙe gero a wani gari mai nisa. Ban san tsawon zaman da na yi ba. Da na miƙa hannu, kayan sanyi ƙalau, garwashin ya yi baƙi.

Na ce gawayin ne ya sha damshi. Na sauko da wanda ke rataye a sama, na rufe kai da zane na je maƙwabta na ɗebo sabuwar wuta a tsingaro. Ina fifitawa yana ja, ina dainawa yana lumshewa kamar idon mai gyangyaɗi. Na kwashe toka. Na rage kayan da ke bisa kwando, ko sun danne shi ne. Duk a banza. Yaron ya jiƙa na jikinsa, ya fara kuka, ni ma na ji hawaye sun zo.

Inna tana kwance a kan tabarma, ƙafafunta na ciwo saboda sanyi. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ƴar nan, idan kina fifitawa yana ci?"

Na ce, "Yana ci, Inna."

"Idan kin bari?"

"Sai ya mutu."

"To ba laifin wuta ba ne, numfashi ne ba ya samu. Juye shi ki duba gindinsa."

Na juye garwashin, na kai kaskon bakin ƙofa inda haske yake. Ramukan nan duka a liƙe suke da jar ƙasa, sumul, kamar magini ya shafe su da yatsa. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Na sa tsinke na huda ɗaya, sai ga ƴan tsutsotsi koraye sun zubo a tafina, ba su mutu ba, suna motsi a hankali kamar masu mafarki. Na daɗe ina kallonsu, ruwa yana fantsamo mini a ƙafa, har kukan yaron ya zama kamar daga wani gida yake fitowa.

Inna ta yi dariya. "Zanzaro ya samu ɗaki mai ƙamshi ya ajiye wa ƴaƴansa abinci. Huda sauran."

Na huda su duka, na hura, na mayar da garwashi. Ban ko taɓa mafici ba ya yi jawur da kansa. Can sai tururi ya fara tashi daga tsummokaran, siriri, yana lanƙwasa kafin ya kai rufi. Inna ta jefa ɗan turare a wuta, ta karɓi yaron. Na jingina da bango don in jira su bushe, sai na gan ni a kwarin da ke bayan gari, kowane dabino an rataya masa farin ƙyalle, babu iska amma suna kaɗawa.

Kiran la'asar ne ya tashe ni. Yaron yana barci a cinyar Inna cikin busasshen zane, ni kuma an lulluɓa mini wani mai ɗumi a kafaɗa. Ta turo mini ƙoƙon kunun kanwa ta ce, "Sha tun bai huce ba."