Mutumin Littafi da Ba Modu

Ku da kuka shigo aikin rediyo kwanan nan, bari in ba ku labarin Larabar da wani tsohon littafi ya kusa raba 'yan'uwa biyu, kuma da muryata.

Lokacin ina ƙaramar mai gabatarwa a sashen Hausa. Aikina karanta tsofaffin littattafan labari kai tsaye, in na gama babin ranar a buɗe waya. Dokar shirin ita ce mai karatu ba ya faɗin abin da ke gaba, ba ya kuma sa ra'ayinsa. Littafin da muke kai, mutumin ciki shi ke ba da labarinsa da bakinsa: ƙanensa ya kore shi daga gidan ubansu ba gaira ba dalili. Ga shi da iya zance! Kowa a gari tausayinsa yake ji.

Sai wani dattijo ya kira daga unguwar Limanti, ya ce sunansa Ba Modu.

"'Yata, wannan bawan Allah ni ne sak. Haka ƙanena ya yi mini. Asabar zai aurar da 'yarsa, ya aiko in zama waliyyi. Da ina shakka, amma yau kin buɗe mini ido. Ba zan taka ƙofarsa ba."

Ni na riga na karanta littafin har ƙarshe, na san mutumin nan maƙaryaci ne na bugawa a jarida, shi ya addabi gidan. Amma wurin da asirinsa zai tonu sai bayan bikin za mu kai.

Ina fitowa na tare shugaban sashenmu, Malam Bukar, mutum ne da ba ya wasa da doka.

"Ranka ya daɗe, bari in faɗi ƙarshen gobe."

"Falmata, ke mai karatu ce ko alƙaliya? Ba a tsallake babi."

Raina ya ɓaci, har na juya, sai na tsaya. "To komawa baya fa?"

Ya harare ni ta saman tabarau. "Wannan kam ba a hana ba."

Ranar Alhamis na ce wa masu sauraro za mu maimaita. Na zaɓo wuraren da mutumin ya yi saurin wucewa: inda ya ce ranar da ya bar gidan mahaifiyarsa ta kau da kai, da inda ya ce maƙwabta sun daina amsa gaisuwarsa don hassada. Na karanta a hankali, na cire muryar tausayin nan da na saba sa masa. Sannan na yi tambaya: duk wannan labarin, wa ya gaya mana? Mun taɓa jin bakin ƙanen?

Waya ta ɗauki zafi. Wani ya ce na ci zarafin maraya, wata mai shago 'yar kudu ta ce ita dama tun farko ba ta yarda da mutumin littafin ba. Shi kuwa Ba Modu bai sake kira ba. Asabar ta zo ta wuce.

Litinin sai ga maigadi ya ce ina da baƙo. Dattijo ne dogo, da ledar goro da alewa a hannu.

"Wushe, sannu 'yata. Ni ne Modu. Na ɗaura auren." Ya miƙo mini ledar. "Da kika zo kan uwar nan da ta kau da kai, sai na tuna tawa ma ta kau. Shekara da shekaru ina ba mutane labarin, wannan wurin ban taɓa faɗa ba."

Wallahi sai na yi ta alhamdu lillahi.

Abin da na koya ke nan. Mai cewa "ni" a littafi, abin da ya ga dama yake faɗa, kuma mutanenmu idan suka ji shi da muryarku, ku suke ba gaskiya. Kafin ku ara masa muryar, ku duba wa ya yi shiru a labarin.