Tahir da Ɗan Wasan da Ba a San Mai Shi Ba

A New Bell ta birnin Duwala aka haifi Tahir, a wani gidan katako da ke bayan masallacin unguwar Hausawa, inda ruwan sama kan shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya tarar da mutane suna cin tuwo. Mahaifinsa mahauci ne, ya taso daga ƙasar Zazzau tun yana saurayi, ya biyo shanu har bakin teku, ya auri wata 'yar ƙasar, mutuniyar Garwa, bai sake komawa gida ba. Tahir bai gaji wuƙa ba. Ya taɓa makarantar Faransanci ya bari, sannan ya samu aiki a wani sito na sabulu a unguwar Bassa, yana jera kwalaye. A bakin wannan aiki ya yi aure, matarsa Hawwa ta haifa masa 'ya'ya.

Da kiriz ta shigo, wato shekarun nan da tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, sai aka tara su a harabar sito aka ce kowa ya je gida, za a neme su. Tahir ya ɗauki maganar da gaske. Ya daɗe yana goge takalmin aikinsa yana ajiyewa a bakin ƙofa. Babu wanda ya neme shi. Hawwa ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, shi kuma ya ɗauki dukan lokacin da Allah ya ba shi ya miƙa wa ƙwallo.

Akwai wani ƙaramin kulob a unguwar mai suna Walƙiya, yana rukuni na biyu, rigarsa ruwan ɗorawa ce da ratsin baƙi. Alhaji Salman mai manyan motoci ne ya kafa shi, kowa Furezidan yake ce masa. Tahir ba shi da wani muƙami a kulob ɗin. Amma shi ke riƙe ganga ranar wasa, shi ke fara ihu, shi ne kuma na ƙarshen barin fili. Majalisar magoya bayan kulob ɗin teburin Tanko mai shayi ce, da safe bayan an fito masallaci. A nan wani tsohon akawu, Malam Badamasi, yake buɗe jaridar Faransanci yana fassara musu labarin wasanni, yana ƙara gishiri inda ya ga miya ta yi lami.

Yusufa ya zo Duwala ne a bayan motar albasa. Ɗan Mubi ne, daga Najeriya, dogo, marar yawan magana. Ranar da ya fara shiga filin atisaye ba takalmi a ƙafarsa, ya narka wata ƙwallo da hagu, mai tsaron gida ya tsaya yana kallon hannuwansa. Furezidan ya kira Tahir gefe.

"Malam Tahir, kana da ɗaki a gidanka, ko?"

"Akwai na soro, Alhaji, sai dai yana yoyo."

"Duk Duwala yoyo take. Ka riƙe mana shi."

Haka Yusufa ya zama ɗan gida. Kawu yake ce wa Tahir, Hawwa kuma Inna. Yana ɗebo ruwa, yana daka wake, ranar Lahadi ya zuba ƙwallaye a raga. A wannan kakar Walƙiya ta yi ta hawa har aka fara maganar za ta shiga rukuni na ɗaya. Tahir ya rame saboda murna, muryarsa ta dishe, ganga ta fashe aka ɗaure ta da sabuwar fata.

Sai labari biyu suka iso teburin Tanko a mako guda. Na farko, wai wani kulob abokin hamayya ya kai ƙara cewa Yusufa baƙo ne, ba shi da izinin aiki, don haka za a ƙwace duk makin da Walƙiya ta ci da shi. Na biyu, wai wani attajiri daga Gabon ya saye shi, kuma da kuɗin Faransa aka yi cinikin. Ba a gama tauna waɗannan ba rediyo ta sanar an karya darajar sefa, kuɗin ƙasar.

"To, mun yi arziki," in ji Malam Badamasi, yana buga jarida a tebur. "Tunda da kuɗin Faransa aka yi ciniki, abin da za a ba mu ya ninka."

"Ya ninka ina?" in ji Tanko. "Madara ma ninkawa ta yi, ni ban ga na yi arziki ba. Ai Gabon ɗin ma sefa suke ci. Wanda zai biya shi ma an karya shi."

"Kai ka tsaya a shayinka. C'est l'économie, harkar tattalin arziki ce."

"To idan an sayar da shi," Tahir ya sa baki, "me ya sa yake ɗakina yanzu haka yana barci? Idan kuma ba shi da izinin buga mana, da izinin wa muka sayar da shi?"

Wani ya ce ai sayarwa daban, izini daban. Wani ya ce a'a, lisans, wato lasisin ɗan wasa, ita ce izinin. Malam Badamasi ya ce lisans ta ƙwallo ce, izini na gwamnati ne, sannan akwai katin zama, wanda shi kuma na 'yan sanda ne. Tahir ya tashi shayinsa bai ƙare ba, ya nufi garejin Furezidan.

Ya same shi zaune a kan tsohuwar taya, motocinsa jere babu lodi.

"Ranka ya daɗe, tambaya ce da ni. Yaron nan, an sayar da shi ko ba a sayar ba?"

Alhaji Salman ya daɗe yana murza gemu. "An sayar da rabinsa."

"Rabinsa?"

"Rabin haƙƙinmu a kansa. Mutumin ya ba da wani abu, mun biya motar zuwa wasannin waje da shi. Idan ya dawo ya cika, ya ɗauke shi."

"Yaushe zai dawo?"

"Tun da aka taɓa sefa ban sake jin ɗuriyarsa ba. Kai dai ka taimake ni, ka bi mana maganar izinin nan. Kai kana da lokaci, kuma kana jin Faransanci."

Da maganar rabi ta isa majalisa, sai da aka kusa dambe. Tanko ya rantse idan dai rabin da aka sayar ya haɗa da ƙafar hagu, to an cuci unguwa. Malam Badamasi ya ce a Turai ana yin haka, har kashi uku ana raba mutum. Yusufa da kansa ya ji labarin a bakin masu sayen ƙosai. Ya ci gaba da hura wuta.

Tahir ya sa babbar rigarsa, ya tasa Yusufa a gaba, suka shiga bin ofisoshi. A na farko, inda ake kula da harkar ƙwallo, aka ce su kawo kwantiragi mai hatimin ofishin ƙwadago. A ofishin ƙwadago wata mata mai tabarau ta tambaye su albashinsa.

"Ba shi da albashi, Madam. Idan an ci wasa ana ba su na sabulu."

"To ai ba ma'aikaci ba ne. Wanda ba ya aiki ba ya bukatar izinin aiki."

Tahir ya fito yana washe baki, ya zaci an gama. Da suka koma ofishin farko aka ce madalla, to su kawo katin zamansa. A wurin katin zama jami'in ya tambayi abin da ya zaunar da Yusufa a ƙasar. Tahir ya ce ƙwallo. Jami'in ya ce ƙwallo ai sana'a ce, su kawo izinin aiki. Babu wanda ya yi musu tsawa, babu wanda ya kore su. Kowa ya yi bayani dalla-dalla, kuma kowane bayani idan Tahir ya saurare shi shi kaɗai sai ya ga gaskiya ne.

A zuwa na ƙarshe ne jami'in ya ɗago kai ya dube shi.

"Kai kuma fa, Monsieur? Wane ne kai a wurinsa?"

"Kawunsa ne ni."

"Ashe kai ma ɗan Najeriya ne. Ina naka katin zaman?"

"A'a, ni nan aka haife ni. Kawu na zaman tare nake nufi."

"Katin ɗan ƙasa?"

Tahir ya lalubi aljihu. Katin nasa ya jiƙe tun wata ambaliya, hoton ya narke, ya bar shi a gida cikin gwangwani.

"Ina aka haifi mahaifinka?"

"Zazzau."

"Zazzau a wane lardi take?"

Aka nuna musu benci, aka ce su jira. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa har rana ta karkata. Tahir bai taɓa tambayar kansa ko shi ɗan ina ne ba. Ya san kowane lungu a New Bell, ya san kabarin mahaifinsa, bai taɓa wuce garin Kumba ba a rayuwarsa. Yusufa ya sunkuyo ya ce, "Kawu, ka yafe ni." Tahir ya ce, "Me ka yi?"

Ƙanwarsa Rabi'atu ce ta zo ta fitar da su. Tana aikin buga takardu a wani kamfanin jiragen ruwa, aka aika mata, ta zo da takardar haihuwar Tahir, ta yi magana da jami'in cikin ladabi da Faransanci mai santsi. A hanyar gida Tahir ya tambaye ta.

"Rabi, mu 'yan nan ne ko?"

"Ta wajen Inna, 'yan nan ne, Yaya."

"Ta wajen Baba fa?"

"Ni dai da irin wannan takardar aka ɗauke ni aiki. Ka je ka sabunta katinka, ka daina cewa kai kawun kowa ne."

An ƙare kakar ba tare da Yusufa ba, domin Furezidan ya ji tsoron sa shi. Walƙiya ta yi ta shan kashi har ta zame daga sama. Mutumin Gabon bai dawo ba. Wata safiya Yusufa ya naɗe kayansa a buhu, ya durƙusa ya gaida Hawwa, ya ce zai tafi. Ta ƙulle masa ƙosai da yaji a ganye tana share ido da gefen zane. Tahir ya raka shi, suka haye gada zuwa Bonaberi, har tashar Grand Hangar, inda ake samun motar da ke nufar iyaka.

"Kawu, idan mai rabin nawa ya zo, me za ka ce masa?"

"Zan ce ya zauna ya sha ruwa. Kai dai ka kula da ƙafar nan."

Motar ta tashi, Tahir ya tsaya cikin 'yan dako da masu tallan ayaba har ta ɓace.

Bayan nan Alhaji Salman ya sayar da motocinsa ɗaya bayan ɗaya, ya haɗe Walƙiya da wani kulob na ma'aikatan Bassa. Aka sauya suna, aka sauya riga ta koma kore. Tahir ya je wasan farko da gangarsa. Rabin yaran da ya sani suna cikin kore, sauran an watsar da su, wasu ma suna cikin abokan karawa. Da aka ci ƙwallo ya ɗaga hannu zai buga ganga, sai ya ga mai tsaron gidan da aka ci yaron maƙwabcinsa ne. Ya sauke hannun. Daga ranar bai sake zuwa fili da ganga ba.

Da babura suka cika gari ana haya da su, ya karɓi ɗaya a hannun wani ɗan unguwa ya zama ɗan bensikin, kamar yadda ake kiran masu wannan sana'a. Labarin Yusufa kuwa yakan zo jefi-jefi. Wani direba ya ce ya gan shi a Kalaba yana buga wa wani kulob da wani suna. Wani ya ce yana Mubi ya buɗe shagon taya. Wani fasinjan jirgi ya rantse a Libreville ta Gabon ya gan shi. Duk wanda ya faɗa, Tahir sai ya gaskata shi, har wani ya zo da nasa.

Shekaru sun shuɗe, rannan ya ɗauki wani dattijo a kusa da kasuwa. Suna tafe suna hira sai ya gane shi ne sakataren kulob ɗin nan da aka ce ya kai ƙarar Walƙiya. Tahir ya rage gudu.

"Massa, ƙarar nan da kuka kai a kan ɗan wasanmu, yaya aka ƙare da ita?"

"Wace ƙara?"

"Ta Yusufa, mai hagu. Wai ba shi da izini."

Dattijon ya yi dariya. "Mun dai yi niyya. Ina jin ba mu kai ba. A lokacin ko na mota ba mu da shi. Ko kuwa mun kai ne aka ce mu dawo? Wallahi na manta."

Tahir ya wuce inda zai sauke shi, sai da mutumin ya dafa kafaɗarsa sannan ya juya.

Washegari ya ba da labarin a teburin shayi. Malam Badamasi, wanda ido ya fara gaza masa, ya ce ƙarya ne, shi da idonsa ya karanta ƙarar a jarida. Tanko ya ce shi kuma ya tuna sarai a bakin Malam Badamasi aka fara jin ta, ba a jarida ba. Musu ya kaure, samarin da ba a haife su ba a lokacin suka shiga ciki, kowa da ɓangarensa. Tahir ya saurare su har rana ta ɗaga, sannan wata mata mai kwandon kifi ta kira shi, ya tada babur suka nufi kasuwa.