Ragon da Kawu Iliya Ya Ƙi Sayarwa

Duk wanda ya taɓa karanta labarin Kawu Iliya ya san ƙarshensa tun daga shafin farko. Wani zai bar gida, zai sha wuya har ya gwammace kiɗa da karatu, zai dawo, uban zai taso da gudu ko takalmi babu, sai kuma a yanka rago. Shi ke nan! Ko ɓarawo ne, ko mashayi, ko wanda ya yi zuciya ya tare a Jahun, sai ya dawo, kuma sai an ci nama. Ni Ladi, 'yar ƙanwarsa, ni nake buga masa labaran a waya ina tura wa zumuntar mata da matasan coci, don haka duk ragunan nan ta hannuna suka bi.

Ku da kuka zauna da shi a Hadejia kun san dalili. Ɗansa tilo, Bitrus, ya bi motar tattasai zuwa Kudu tun ina budurwa, ya ce da kaka zai dawo. Ya ɗan yi waya da farko, daga baya layi ya daina shiga. Wasu su ce sun gan shi a Legas, wasu su ce Fatakwal. Kawu kuwa bai taɓa yarda a ce ya ɓata ba. Cewa yake yaro ya yi nisan kiwo ne kawai.

Malamin gona ne a da. Wata rana ya dawo daga fadama wajen Kirikasamma, wando duk taɓo, ya tsaya a kan matarsa, Mama Saratu.

"Maman Bitrus, an kira ni."

"Daga ofis?"

"Ubangiji ne. Ya ce in ajiye aiki in rubuta labarai."

"To, madalla! Da ya kira ka, bai ce komai a kan cefane ba?"

"Ya ce kin iya ƙosai."

Haka Mama ta kafa kasko a ƙofar gida, har yau tana nan a kai. Shi kuma ya shiga rubutu a bayan tsohuwar kalanda da takardar buhun siminti, don a ganinsa sayen takarda almubazzaranci ne. In ya gama sai ya naɗe ya cusa a cikin gora, irin babbar nan da masunta ke hawa su shiga kogi.

Wata shekara Fasto ya roƙe shi ya rubuta wa matasa wasan Kirsimeti. Ya kawo labarin wani ɓarawon komar kamun kifi da ya addabi masunta. Fasto ya karanta, ya cire tabarau.

"Baba Iliya, mutumin nan ya yi sata, ya yi ƙarya, ya nutsar da jirgin mutane. A ƙarshe kuma shi aka ba cinya? Ina horo?"

"Fasto, ai mun raba aiki. Kai ka tsorata su ranar Lahadi, ni in dawo da su gida ranar Litinin."

"Ko ɗaurin wata ɗaya ba za a yi masa ba?"

"Haba! Naman zai huce."

Aka yi wasan yadda ya rubuta, tsofaffi na dariya suna goge ido da gefen zani.

Wanda ke fara jin kowane labari kuwa ba ɗan coci ba ne. Maƙwabcinsa ne, Malam Bukar masunci, wanda ke fitowa daga masallaci bayan la'asar ya zauna gyaran komarsa. Kawu zai jawo benci ya buɗe kalanda. Kafin ya kai rabi, Malam Bukar zai ce, "Iliya, tsallake ka kai mu wajen yanka, ina da aiki."

"Wa ya ce maka akwai yanka a wannan?"

"Kai! Ragunan da ka yanka a takarda sun fi na layyar garin nan. Ni dai ko romo ban taɓa gani ba."

"Za ka gani. Kai ma za ka yanka da hannunka."

Ba wasa yake ba. Alkawari ne a tsakaninsu: ranar da Bitrus ya dawo, Malam Bukar ne zai yi yankan, don duk unguwa ta ci ba tare da wani ya yi tambaya ba. Rago kuma yana nan a turke, na gaske, mai suna Maraba. Mutumin da ke raba goro ɗaya kwana biyu shi ne ke saya wa rago dusa da harawa ba ciniki. Rago ya yi ƙiba, ya yi rashin kunya. Ya tunkuyi mai karanta mita, ya tunkuyi ni, ya tunkuyi Fasto ma sai da ya zauna a kwatami. Kawu ya ce ɗoki ne, ya ɗauka baƙon ne ya iso.

Da Babbar Sallah ta matso sai dillalai su yi ta sallama. Kirista da rago irin wannan, ba layya zai yi ba, ai banza ta faɗi! Wani Alhaji daga Kaugama ya yi tayi har sai da Mama ta saki matsami a cikin mai.

"Albarka," in ji Kawu.

"Malam, faɗi kuɗinka."

"Alhaji, ai an riga ka. Mai shi yana hanya."

Maraba na farko tsufa ne ya kashe shi, abin da Malam Bukar ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin ya sami rago ba. Sati bai zagayo ba Kawu ya jawo wani daga kasuwa, ya sa masa sunan. Wanda ke turke yanzu shi ne na uku.

Shekarar da kogi ya yi ambaliya ya shigo mana har ɗaka, kowa na ta kansa, ana fitar da buhunan shinkafa da yara. Sai ga Kawu a kan gorar labaransa yana tura ƙaramin jirgin Malam Bukar, Maraba a tsaye a ciki kamar ango. Mama na biye, ruwa iya ƙugu, kasko a ka.

"Baban Bitrus! Rago a jirgi, ni a ruwa?"

"Ke ai kin san hanya, shi kuwa baƙo ne a ruwa."

Ta yi kwana uku ba ta ba shi ƙosai ba.

Mutane sun sha zuwa su yi masa godiya. Wannan ya ce ƙanensa ya karanta labari ya koma gida, waccan ta ce ta shirya da mahaifinta. Sai ya yi murna har da tafi, sannan in sun fita ya daɗe yana kallon ƙofa. Da ciwo ya kwantar da shi, abin ya ci ni, na kasa haɗiyewa.

"Kawu, 'ya'yan wasu na ta dawowa saboda kai. Kai naka fa? Wannan wane irin kira ne?"

Ya yi murmushi. "Ladi, ni an aike ni in kira na mutane. Nawa, wanda ya aike ni ne zai kira. Kin ba Maraba ruwa?"

Da Kawu ya rasu, ranar zaman makoki gida ya cika, dattawa suka ce a kayar da ragon a ciyar da baƙi. Mama, wadda ta shekara da shekaru tana zagin dabbar nan, ta miƙe ta tsaya a gaban turke.

"Wannan ba na makoki ba ne," ta ce.

Malam Bukar ya sunkuyar da kai. "Gaskiyarta. Wuƙata na nan a wase, ku bar shi."

Yanzu ni nake ba shi dusa. Jiya ma ya tunkuye ni, na zauna a ƙasa ina dariya, sai na ji ina kuka. Kewarka nake yi, Kawu, har da kalandunka masu warin kifi.

Ubangijin da ka yi wa aiki ya tarye ka da gudu, yadda ka sa kowane uba ya yi a labaranka. Ya ba Mama haƙuri, ya ja kwanan Malam Bukar. Bitrus kuma, duk inda yake, Allah ya juyo da shi gida kafin wannan ragon ma ya tsufa. Amin.